Ƙasa, Azara da Bulo: Hujjojin da Ake Gini da Su a Karkarar Arewacin Kano

Ƙasar noma da ta kewaye birnin Kano, musamman ta fuskar arewa inda ƙananan hukumomin Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi da Makoɗa da Dambatta suke, tana cikin wuraren da mutanen karkara suka fi cunkushewa a Afirka ta Yamma. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya soma nazarin yankin a shekarun 1960 lokacin da yake koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya shata iyakarsa da wuraren da mazauna suka haura mutum 140 a kowace murabba'in kilomita, ya kuma nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar ana nome ta kowace damina ba tare da an bar ta ta zama saura ba. Tun daga wancan lokaci jama'a sai ƙaruwa suke yi, gonaki kuwa sai ƙanƙancewa suke ta hanyar rabon gado. Wannan matsi ya shafi gini kamar yadda ya shafi noma, domin duk ramin da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini wani yanki ne da aka raba shi da gero da dawa, duk itacen da ke tsaye a gona yana da mai shi, sannan kuɗin da magidanci zai zuba a ɗaki guda sau da yawa ribar kaka fiye da ɗaya ce, ko kuma abin da ya tara a cin rani. A irin wannan wuri kuskuren gini yana da tsada, saboda haka ya dace a bincika hujjar da ake yanke shawara da ita a kan inda za a kafa harsashi, da kaurin bango, da irin rufin da za a ɗora, da kuma wanda hujjar take hannunsa.

A makarantun koyon zanen gini akwai fannin da ake kira tsara gini bisa hujja, wato mai zane ya dogara da abin da aka auna aka tabbatar maimakon abin da ya saba da shi ko abin da ya burge shi. Fannin ya samu gindin zama ne ta hanyar ginin asibitoci, kuma aikin da aka fi ambata shi ne na Roger Ulrich, wanda aka buga a mujallar Science a 1984. Ya duba takardun marasa lafiya 46 da aka yi wa tiyatar cire maɗaciya a wani asibiti na jihar Pennsylvania ta Amurka, rabinsu tagar ɗakinsu tana kallon itatuwa, rabin kuma tana kallon bango, sai ya tarar waɗanda ke ganin itatuwa sun riga samun sallama kuma ba su buƙaci maganin kashe zafi mai ƙarfi da yawa ba. Abin da aikin ya nuna shi ne ana iya auna tasirin shawarar mai zane a jikin wanda zai zauna cikin ginin. Sai dai ko a ƙasashen da bincike ya wadata, masu zanen gini da injiniyoyi ba kasafai suke buɗe mujallun bincike kafin su ja layi ba. Sun fi jingina da kundin ƙa'idojin gini, da bayanan masu ƙera kaya, da shawarar abokan aiki, da abin da suka ga ya yi ko bai yi ba a ayyukansu na baya. Ke nan tazarar da ke tsakanin injiniyan da ke ofis a Kano da maginin da ke ƙauye a ƙasar Bichi ba ta kai yadda ake zato ba. Kowannensu yana aiki da hujja, bambancin yana ga yadda ake tara ta, da inda ake adana ta, da yadda ake gane ranar da ta daina aiki.

Hujjar magini

Maginin gargajiya yakan gaji sana'arsa daga uba ko wani babba a dangi, ya soma da miƙa tubali da cuɗa ƙasa shekaru kafin a bar shi ya hau bango, kuma a manyan garuruwa akwai Sarkin Magina da ke shugabantar 'yan sana'ar. Babbar hujjarsa ita ce gine-ginen garinsa, waɗanda ke tsaye da waɗanda suka faɗi, domin ya san ramin da aka ɗebo ƙasar kowane soro, da hannun da ya gina shi, da daminar da ta kayar da shi idan ya faɗi. Kafin a haƙa harsashi yakan duba inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya a tsakiyar damina, abin da irin ciyawar wurin da launin ƙasar da tabon danshi a gindin katangun maƙwabta suke nunawa ko da rani ne, sannan ya duba ko akwai suri a kusa, tun da gara ce babbar abokiyar gabar rufi. Jigawa, wato tudu mai rairayi, tana shanye ruwa da sauri don haka tana da daɗin zama, amma ƙasarta ba ta da danƙon da za ta riƙe kanta a bango. Fadama kuwa tana da laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani. Abin da magini ke nema yana tsakanin biyun, shi ne birji ko jar ƙasa mai 'yar tsakuwa da ake tararwa idan an zarce rairayin sama, kuma neman wannan ƙasa shi ne asalin kududdufan da ke gefen kusan kowane tsohon gari.

Gwajin da yake yi wa ƙasa da hannu ne. Yakan jiƙa ta ya murza ya ji santsinta ko kaushinta, ya dunƙula ya ajiye ta bushe. Idan ta tsattsage, laka ta yi yawa, sai a ƙara rairayi ko ciyawa, idan kuwa ta marmashe da an taɓa ta, to danƙo ya yi ƙaranci, sai a nemi wani rami. Tambayar da ɗakin gwaji na jami'a yake yi wa ƙasa ita ce dai wannan, illa shi yana tankaɗe ta da rariya mai matakai don ya san kason yashi da na laka, ya kuma auna yawan ruwan da ke mayar da ita taɓo bisa hanyar da masanin ƙasar Suwidin Albert Atterberg ya shimfiɗa a 1911. Bayan zaɓe sai sarrafawa: a jiƙa ƙasar, a tattake ta da ƙafa, a zuba ramno, wato yankakkiyar ciyawar da ke hana tsagewa, a bar ta kwanaki ta tsimu, a sake cuɗawa, sannan a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai a shanya a rana. Ana ɗora bango hawa-hawa, ana jira kowane hawa ya sha iska kafin a ƙara wani, kuma ana yin gindinsa da kauri ya riƙa sirancewa zuwa sama, domin nauyi ya sauka inda zai iya zama. Duk wannan aikin rani ne, bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da hannu ya samu sarari kuma babu hadarin da zai narkar da ɗanyen bango.

Inda ilimin magini ya fi fitowa fili shi ne rufi. Azara, wato tsagaggen kututturen giginya, ita ce ƙashin rufin soro, an kuma fifita ta a kan sauran itatuwa saboda gara ba ta cinta da sauƙi. Amma tana da iyaka: idan aka shimfiɗa ta ba tare da madogara ba aka ɗora mata zana da ƙasa, tazarar da take iya ɗauka ba ta kai mita 2 cikakku ba kafin ta soma lanƙwasa. Babu maginin da ya samo wannan adadi daga lissafin takarda. An same shi ne daga rufin da ya lotsa da wanda bai lotsa ba a tsawon ƙarnuka, kuma kusan duk fasahar soron Hausa dabarun tsallake wannan iyaka ce. Akwai tauyi, wato azarar da ake fito da ita daga saman bango don ta rage tazara; akwai ginshiƙi a tsakar ɗaki; akwai bakan gizo, wanda ake haɗa gajerun azaru ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa har su zama baka daga bango zuwa bango; akwai kuma ɗaurin guga, inda bakuna ke gittawa su ɗauki tulluwar rufi. Ƙololuwar wannan fasaha ita ce tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim a wajejen shekarun 1830, amma ƙa'idar da ta ɗauki wancan rufi ita ce ta ɗauki zauren dagaci a ƙauyen Dawakin Tofa.

Haka ma sha'anin ruwan sama. Manyan hadura masu iska, musamman na farkon damina da na ƙarshenta, daga gabas suke tasowa, don haka bangon gabas ne ke shan duka, shi ake fara yaɓewa kuma shi ake ba kariya mafi kauri. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ana jiƙa ta a cuɗa da ƙasar yaɓe don ta rage shan ruwa. Laso ya fi ta ƙarfi, shi kuma haɗi ne na katsi, wato dagwalon da ke kwanciya a gindin rijiyar rini wanda ake busarwa a ƙona, da gashin da ake kankarewa a majema, da ruwan dafara mai yauƙi. Abin lura a nan shi ne da laso ake daɓe rijiyoyin marina, saboda haka kafin a shafa shi a kan soro an riga an ga yadda yake riƙe ruwan baba shekara da shekaru. Gani ya kori ji. Amma wannan ya nuna wani rauni, domin laso ya dogara da rayuwar wata sana'a, kuma da rini ya ja baya a ƙauyukan Kano sai katsi ya yi wuya, ilimin haɗa shi ma ya soma bin sawu.

Shari'a ma tana da nata hannu a tsarin gida. Fikihun Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa ya hana mutum cutar da maƙwabcinsa da gininsa, ko ta hanyar indararon da ke zuba a bangon wani, ko tagar da ke leƙa tsakar gidan wani, ko masai da ya matsa wa rijiya, kuma tun da can alƙalai kan nemi ƙwararren magini ya je ya duba ya ba da shaida. Wani maginin birnin Tunis na ƙarni na 14, Ibn al-Rami, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafi guda daga aikin da ya yi wa alƙalan zamaninsa. A ƙauyen da gidaje suka matsu, inda indararo zai fuskanta shawara ce da mai unguwa da maƙwabta suke da ta cewa a cikinta.

Hujjar magini tana da ƙarfi, amma tana da sharuɗɗa biyu da ba a cika faɗa ba. Na farko, ginin ƙasa alkawari ne na gyara kowace shekara, a yi yaɓe kafin saukar ruwa, a toshe tsaga, a share indararo, kuma duk abin da magini ya sani game da daɗewar soro ya ginu ne a kan cewa mai gida zai cika wannan alkawari. Na biyu, ilimin da ke cikin kai ba ya ɗauke da kwanan wata, yana aiki ne muddin ƙasar da ruwan da itacen da aka gwada shi da su ba su sauya ba.

Abin da aka auna aka rubuta

Turawan mulkin mallaka sun yi gini da ƙasa a Kano a farkon zuwansu, kuma Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, yana nan har yau a matsayin shaida. A 1945 Ma'aikatar Ayyuka ta buga wata takardar fasaha ta A. F. Daldy da ta bayyana dabarun maginan Arewa dalla-dalla, ko da yake ta lissafa gine-ginen a sahun na wucin gadi. Daga baya masana irin su Zbigniew Dmochowski, wanda ya auna gine-ginen gargajiya a sassan Nijeriya aka buga aikinsa cikin juzu'i uku a 1990, da J. C. Moughtin, mai littafi kan ginin Hausa na 1985, da Hamman Tukur Sa'ad, wanda ya nazarci magina da yadda suke tantance kyawun aiki, sun mayar da babban sashe na wannan ilimi a rubuce. Ta fuskar yanayi kuma akwai jadawalin Mahoney, wanda tushensa aikin da Carl Mahoney ya yi ne a Nijeriya kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga shi a 1971: ana zuba masa alƙaluman zafi da danshi da ruwan sama da iska na kowane wata, shi kuma ya fitar da shawarar irin ginin da ya dace. Ga yanki mai zafi da bushewa irin na arewacin Kano, inda tazarar zafin rana da sanyin dare take da faɗi, shawarar ita ce bango mai kauri da rufi mai nauyi waɗanda ke jinkirta shigar zafi na sa'o'i, da ƙananan tagogi, da tsakar gida, da wurin kwana a waje. Wato ma'auni ya zo ya tarar da magini a inda ya daɗe yana tsaye.

Duk da haka karkara ta juya wa soro baya, kuma kuskure ne a ɗauka cewa jahilci ko son burga ne kaɗai dalili. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya buɗe wa kwano da siminti hanya, masana'antun siminti na Sakkwato da Ashaka suka kusanto da shi, hanyoyin mota kuma suka kai shi kasuwannin ƙauye. A ɗaya gefen giginya ta yi ƙaranci, azara ta koma kayan da ake kawowa daga nesa da tsada, matasan da ke yin yaɓe suna birni da rani, ramin ɗibar ƙasa kuma ba kowa ke da filin da zai sadaukar masa ba. Manomin da ya zaɓi kwano ya yi lissafi ne a kan abin da ya gani: kwano ba ya neman gyara kowace shekara, ba ya yoyo idan an buga shi daidai, kuma ba ya rufta wa masu barci da nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasa a daren Agusta. Wannan ma hujja ce, kuma duk masanin da ya zo yana yabon sanyin soro ba tare da ya amsa ta ba, ba za a saurare shi ba.

Ginin da ya faɗa tsakani

Matsalar da ta fi girma a yau tana ga ginin gauraye, wanda ya bar hannun maginin gargajiya bai kuma isa hannun injiniya ba. Misali mafi yawa shi ne bangon ƙasa da aka yi wa filasta da siminti. A shekarar farko yana da kyan gani kuma ruwa na zamewa a kansa, amma ƙasa da siminti ba sa miƙewa da tsukewa tare, don haka filastar kan rabu da bangon ta tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya kasa fita, danshin da ke tasowa daga ƙasa ma ya rasa hanyar bushewa, kamar mai gumi da aka sanya wa rigar leda. Bangon yana ruɓewa a ɓoye, alamar da magini ya saba karantawa a fuskar yaɓe kuma an rufe ta, har ranar da gindin zai zauna gaba ɗaya. Birkiloli sun ƙirƙiro dabarun kafa ƙusoshi ko shimfiɗa waya kafin filasta, wasu kuma suna yin harsashi da layukan farko da bulo sannan su ɗora tubali, wanda ya fi ma'ana domin gindin bango ne ruwa ke fara ci.

Bulo na yashi da siminti, mai inci 6 da mai inci 9, shi ne ya zama alamar gini mai ƙarko, alhali ƙarfinsa ya rataya ne a kan abubuwan da mai saye ba ya gani: yawan bulon da aka fitar daga buhun siminti mai kilo 50, da tsabtar yashin, da kwanakin da aka yi ana ba shi ruwa bayan bugawa, domin siminti da ruwa yake ƙarfafa, idan ya bushe da wuri a iskar hunturu ba zai kai ƙarfinsa ba. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta ƙayyade ƙarfin da bulo ya kamata ya kai, kuma binciken da jami'o'in Nijeriya suka sha yi a sassa daban-daban ya yi ta nuna cewa yawancin bulon kasuwa bai kai mizanin ba. A babban aiki injiniya yakan ɗebi kankare ya zuba a ƙananan akwatuna, a matse samfurin da na'ura bayan kwana 7 da kwana 28 don a san nauyin da zai ɗauka, ya kuma tabbatar an bi awon kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa inda zane ya ce haka. A ƙauye gwajin da ya rage shi ne birkila ya ɗaga bulo ya saki ya ga ko zai farfashe, ko ya kankare shi da ƙusa. Gwaji ne mai amfani, yana fallasa mafi muni, amma ba ya bambance mai dama-dama da mai kyau, kuma sau da yawa aljihun mai gida ne ke yanke hukunci kafin a kai ga gwajin.

Kwano kuma ya zo da nasa sababbin tambayoyi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40 a ma'aunin Salsiyos, ɗakin kwano marar silin ba ya zaunuwa da rana, kuma iskar farkon damina tana yaye rufin gidaje da na azuzuwan makarantu kusan kowace shekara. Kafintoci sun koyi ɗaure katakon rufi da langalanga ko rodi da aka binne cikin bango, magina kuma sun ari rawanin soro, wato gajeren bangon da ke kewaye rufi, suka ɓoye kwanon a bayansa don iska ta rasa inda za ta kama. Dabarar tana aiki, sai dai tana mayar da ruwa zuwa kwata guda a jikin bango, kuma idan kwatar ta toshe ko ta tsage, ruwan cikin bangon yake shiga.

Shi kansa ruwan saman ya sauya hali. Matsakaicin abin da Kano ke samu a lissafin ƙarni na 20 kimanin milimita 800 ne a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba, amma farin 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984 sun sa wani zamani guda na magina da masu gida suka taso suna ganin kwari da bakin kududdufi a bushe, aka yi gini a wuraren da kakanni suka ƙaurace wa. Ruwan Agustan 1988, wanda ya ɓalle madatsar Bagauda ya kuma rushe dubban gidaje a jihar, shi ne gargaɗin farko, kuma shekarun da suka biyo baya sun fi na fari ruwa. Ƙari a kan haka, ana cike kududdufai ana yanka filaye a kansu, alhali su ne matattarar ruwan gari. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana fitar da na ambaliya, amma waɗannan bayanai sun fi isa ga manomi a matsayinsa na mai shuka fiye da matsayinsa na mai gini.

Akwai kuma hujjar da ke zuwa daga likitoci, wadda ba ta cikin gadon magini ko kaɗan. Sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro ya fi shiga ɗaki ta ratar da ke tsakanin saman bango da rufi, kuma wani gwaji da aka yi a yankin Farafenni na ƙasar Gambiya, aka buga a mujallar Lancet a 2009, ya nuna cewa sanya wa gidaje raga ya rage sauron cikin ɗaki da kusan rabi, ya kuma rage ƙarancin jini ga yara. Amma toshe kowace kafa yana ƙara zafi, zafi kuma yana korar mutane daga gidan sauro zuwa tsakar gida, sannan ɗaki mai cunkoso marar iska shi ne abin da ake gudu a lokacin sanƙarau, cutar da ta yi mummunar ɓarna a Arewa a 1996. Saboda haka hujja ɗaya ba ta wadatarwa, sai an haɗa: a toshe ratar rufi, a buɗe tagogi masu raga a bangaye biyu masu fuskantar juna, a sa silin. Haka batun masai da rijiya, inda shawarar da ma'aikatan lafiya suka saba bayarwa ita ce tazarar mita 30, abin da gidan da aka raba wa magada kashi-kashi ba ya iya samarwa shi kaɗai sai da yarjejeniyar maƙwabta.

Hukumomin da aka ɗora wa alhakin sana'ar suna nan: ARCON ta masu zanen gini tun 1969, COREN ta injiniyoyi tun 1970, CORBON ta ƙwararrun magina tun 1989, ga Cibiyar Binciken Gini da Hanyoyi ta NBRRI da aka kafa a 1978, ga Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa na 2006. Sai dai idon hukumar tsara birane ta KNUPDA ya fi karkata ga birni da manyan garuruwa, kuma ƙwararre mai rajista ba ya isa ƙauye sai ta hanyar aikin gwamnati, wato aji ko ɗakin shan magani, waɗanda galibi ake yi da zane guda da ake maimaitawa daga wannan gari zuwa wancan ba tare da an duba ƙasar wurin ko fuskar da rana da hadari ke fitowa ba. Nan ne asarar ta fi ciwo, domin ginin gwamnati shi ne abin koyi a ƙauye, abin da aka gani a makaranta shi ake kwaikwaya a gida. Maƙwabta sun nuna cewa akwai wata hanya. A Gando ta Burkina Faso, Diébédo Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da tubalin laka da aka ƙarfafa da ɗan siminti, ya ɗaga kwano sama da silin na ƙasa don iska ta ratsa tsakani, kuma a 2022 ya karɓi lambar Pritzker, mafi girma a fannin. A Dandaji ta jihar Tawa a Nijar, ƙasar Hausa ce ita ma, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci da matsattsen tubalin ƙasa a 2018, suka mayar da tsohon ya zama ɗakin karatu tare da maginan gargajiya. NBRRI ma ta ƙera injinan matsa irin wannan tubali a gida Nijeriya, kuma amfaninsa shi ne ƙasar wurin ce ake aiki da ita amma ana iya auna ƙarfinta kamar bulo.

Abin da ya fi ƙaranci a karkarar arewacin Kano shi ne komawa ga gini bayan an shiga cikinsa don a ga yadda ya kasance, abin da masana ke kira tantance gini bayan zama. Ruftawar wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya ana sallar La'asar ranar 11 ga Agusta 2023, inda aka rasa rayuka, ta nuna cewa ko aikin Babban Gwani yana buƙatar idon da zai riƙa duba shi a kai a kai. Kowace damina hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha tana ƙirga gidajen da ruwa da iska suka rusa don rabon tallafi, amma ƙidayar da za ta amfani mai gini ita ce wadda ta faɗi da me aka yi bangon, ko an yi masa filastar siminti, yaushe aka yi masa yaɓen ƙarshe, a tudu yake ko a kwari, kuma ta gindi ya faɗi ko ta rufi. Tattara wannan bai buƙaci na'ura ba, takarda guda ce a hannun mai unguwa da ma'aikacin sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, tare da tsohon magini da zai karanta musu ɓaraguzan. Ya kamata sassan koyar da gini na Jami'ar Bayero da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil da kwalejin horar da malaman fasaha ta Bichi su ɗauki wannan aiki tare da ƙananan hukumomi, su soma da damina mai zuwa, su kuma mayar da sakamakon da Hausa ta rediyo kafin rani, lokacin da ake haƙa sababbin harsasai.